Sawun da Aka Binne a Sabuwar Kasuwa

Na san Daraktan Tsare-tsare na hukumar garinmu tun yana jan tsohon babur, don haka kada wani ya ce min sa'a ce ta ɗaga shi. Shi ya zana sabuwar kasuwa da layin masana'antu a bakin babban titi, aka gina, aka yafe haraji, amma 'yan kasuwa suka yi kunnen uwar shegu. Manyan motoci sai su wuce fuu zuwa garin maƙwabta, rumfunansa kuwa awaki ke hutawa a ciki. Shugaban hukuma ya ce masa a gaban kowa, "Darakta, taswira za mu ci? In shekara ta juyo a haka, ka nemi wata kujerar."

Da rana tsaka ya je wurin wani boka a bayan tsohon gidan bulo. Ɗakin ba taga. Jan ƙyalle a bango, ƙahoni a rataye, ga baƙar tukunya a tsakiya tana huci kamar mai barci.

"So nake kasuwata ta cika, ta maƙwabta ta mutu," in ji Darakta. "Ni ma in samu rabona."

"Ƙafa ke jan ƙafa," boka ya ce. "Ɗebo ƙasar ƙofar kasuwarsu. Sannan ka share ƙofar gidanka bayan kowa ya taka, ka haɗa, ka binne ƙarƙashin dutsen harsashin ginin kasuwarka."

"Ba jini?"

"Wa ya ce maka jini? Sawu kawai."

Darakta har da dariya, wai ya samu da araha. Ya je ya yi yadda aka ce.

Kafin shekara ta juyo kasuwa ta tumbatsa. Masana'antu suka yi layi, kowane mai neman fili sai ya ga Darakta tukuna. Ya gina bene, ya yi tumbi, ya fara magana a tarurruka kan yadda ake jawo masu zuba jari. Ni dai in na ji shi raina ɓaci yake.

Mahaifiyarsa ce ta fara. Tsohuwar da ko tsakar gida sai an riƙe ta, aka tsinci gawarta a ƙofar kasuwa, ƙafafunta duk ƙura. Sai matarsa ta fita ba takalmi, tana zagaye rumfuna tana kiran masu saye ga kayan da babu. Ko an ɗaure ta sai ta kwance.

Darakta ya koma wurin boka. "Ka cuce ni!"

"Kai ka share ƙofar, sawun iyalinka ka binne. Haƙe abin ka watsar, sauran su tsira. Amma kasuwa za ta watse."

A nan ne na tsane shi. An sa ranar ba shi lambar yabo ta gwarzon bunƙasa gari, sai ya ce bari a wuce bikin tukuna. Yana kan dandamali ana tafi, tirela ta take babban ɗansa a mashigar kasuwa.

Saura 'yarsa auta, wadda ta fara tsayuwa a bakin ƙofa tana cewa, "Baba, ana kirana." Ya kulle ta a ɗaki, ya ɗauki diga ya nufi dutsen. Masu gadi suka riƙe shi. Kasuwa ta riga ta koma hannun wani kamfani, shi da kansa ya tsara yarjejeniyar, kuma ba a haƙa ko taku ɗaya sai da rubutaccen izinin ofishin tsare-tsare. Ya yi ihu, ya faɗi abin da ya binne. Hukuma ta ce ya taɓu, ta naɗa wani a kujerarsa.

Yanzu kullum yana kan bencin ofishin, diga a gefensa. Sabon Darakta kan leƙo ya ce, "Yallaɓai, ana duba buƙatarka." Yarinyar kuwa tuni ta ɓalle taga, ba a sake ganinta ba.

Kai mai kwaɗayin suna da dukiya, ka ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai ba ka duniya kyauta, iyalinka ya hango.