Rabon Mai Juji

Magariba ta doso a arewacin Norway, Gunvor na dafa dankali, sai wani abu ya daki taga. Ta leƙa, ta ga kan kifi ne ruɓaɓɓe. Na biyun a cikin tukunyarta ya faɗo, alhali ƙofa da taga duk a rufe suke.

Gunvor mace ce mai taurin kai. Ita ta kafa wa jami'ar garin injin da ke haɗiye ragowar abincin ɗalibai, ya mayar da shi gas na girki da takin gona, yana aiki da lantarkin da iska ke samarwa. Tsohon jujin bayan kicin ɗin jami'ar kuwa ta sa aka share shi aka malale da siminti. Kullum tana bugun ƙirji cewa ko ɓawon dankali ba ya taɓa ƙasa.

Daga wannan yammacin 'yarta Ragna ta daina cin abinci. Da loma ta shiga baki sai maƙogwaro ya rufe. Likitoci ba su ga komai ba, yarinya kuwa sai ƙanjamewa take. Ba don ranta ya so ba, Gunvor ta kira tsoho Eilert, mai yi wa marasa lafiya addu'a.

Eilert ya daɗe yana karatu a kan yarinyar. Ɗakin ya yi tsit, warin ruɓa ya cika shi. Can Ragna ta buɗe baki, muryar wani ƙato ta fito.

"Tun kafin a aza tubalin makarantar nan nake ci a jujin. Kin ɗauki rabona kin ba ƙarfe."

"Shara ce fa," in ji Gunvor.

"Marowaciyar banza, ko sharar ba ki iya bari. In ban ci ba, 'yarki ba ta ci."

"Faɗi abin da kake so," in ji Eilert.

"A fasa injin."

"Ba ka isa ba," in ji Eilert, "gidaje na girki da shi. Bokiti ɗaya na ragowar abinci duk Alhamis."

"Da ƙasusuwa. Kuma ita za ta zuba da hannunta, ɗalibai na kallo."

Baƙin ciki ya tokare Gunvor. Ta dubi tsintsiyar hannun Ragna, siririya kamar icen ashana, ta ce ta yarda. Warin ya ɗauke.

Ranar Alhamis ta juye bokitin a kan siminti mai tsabta, ɗalibai na ƙus-ƙus a bayanta, ba ta ɗago kai ba. Da ta koma gida ta tarar da Ragna tana kankare gindin tukunya da cokali.

"Mama," in ji yarinyar, "babu ƙari?"