Badi'a da Ƙwan Zabi

Yarana, wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta sunan ƙungiyar da ta buɗe gidan, shekarar ma ta shige mini duhu. Na dai san ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, kuma kaya sun yi tsada ƙwarai. Ko sabulu sai an yanka shi biyu. To, ga abin da ya rage a kaina.

A unguwarmu a Gwarzo, wata ƙungiya ta buɗe gida domin yaran da suka rasa iyaye, da samarin da ke kwana a tasha. Wata dattijuwa, Gwaggo Hajaratu, ita ke kula da su. Samarin suna koyon kafinta da ɗinki. Ƙananan suna zuwa makaranta. Da yamma su kula da ɗan lambun bayan gida, da zabin da suke kiwo.

Mutanen unguwa suka taru a ƙofar masallaci. Kowa yana son ya taimaka, amma aljihu ba nauyi. Sai aka ce a saka gidan cikin ciyayya.

Kun san ciyayya ai? In an yi girki, sai a zuba wa maƙwabci a kai masa. Shi kuma ba ya maido da kwano haka nan. Zai saka wani abu, ko da 'yar gyaɗa ce. Kakata takan saka daddawa, Allah ya jiƙanta. Af, ina muka tsaya? Yauwa, Badi'a.

Badi'a ɗalibata ce a Islamiyya. Tana da tausayi, amma bakinta yana riga tunaninta.

Wata rana da damina, Innarta ta yi tuwon masara da miyar kuka. Ta cika babban kwano.

"Badi'a, kai wa gidan Gwaggo Hajaratu. Ki gaishe ta da kyau."

Yaran suka karɓi tuwo da murna. Wani ƙarami mai suna Mahbub har da rawa. Zailani, yaron da ke kula da zabi, ya wanke kwanon tas. Ya zuba ƙaiƙayi a ciki, ya jera ƙwan zabi a kai.

"Ki kai wa Inna," in ji shi. "Su ne na farko da zabinmu suka yi."

Badi'a ta dubi ƙwan, ta dubi yagaggiyar rigarsa. Tausayi ya kama ta.

"Haba, ku bar abinku! Mu ba mu rasa komai ba. Ku da ake taimaka wa, ina kuka ga abin bayarwa?"

Ta kwashe ƙwan ta ajiye a kan turmi. Yaran suka bi ta da kallo. Ita kuwa ta tafi tana jin daɗi.

"Inna, yau na yi aikin lada biyu!" Ta ba da labari duka.

Inna ta riƙe haɓa. "Kika mayar musu? Da gidan Alhaji Baƙo ne suka saka miki ƙwai, za ki mayar?"

"A'a. Ai shi maƙwabcinmu ne."

"Su fa?"

"Su ai marayu ne, Inna."

Inna ta girgiza kai.

Da girki ya sake zagayowa gidansu, Badi'a ta ɗauki wake da shinkafa ta tafi. Gwaggo Hajaratu ta je kasuwa. Yaran suna zaune a tabarma, ba wanda ya tashi.

"Ga abinci na kawo."

"Mun gode," in ji Zailani. "Mun ƙoshi."

Ba su ƙoshi ba. Mahbub yana ta kallon kwanon yana haɗiyar yawu. Amma ya ɓoye hannayensa a baya.

"Mahbub, zo ka ci mana," in ji Badi'a.

"Ba na ci. Yaya Zailani ya ce na sauran gidaje na maƙwabta ne. Na gidanku kuwa na sadaka ne. Mu ba mabarata ba ne."

Badi'a ta koma da kwano cike, tana kuka. Nauyinsa ya fi na kullum.

"Inna, saboda ni Mahbub zai wuni da yunwa! Me zan yi? In kai musu ninki biyu?"

"Ko ninki goma kika kai ba za su ci ba," in ji Inna. Ta share mata hawaye da gefen mayafi. Sannan ta miƙa mata faifai, ba komai a kai. "Dambu zan yi yau, kuma ba ni da zogale. Je ki roƙo mini a lambunsu."

"In roƙa? A wurinsu? Wayyo Inna, kunya nake ji!"

"Ai kin sha zuwa gidan Alhaji Baƙo roƙon gishiri, ban ga kin mutu ba. Maza, rana na yi."

Badi'a ta tafi tana jan ƙafa. Ta yi sallama can ƙasa-ƙasa. Gwaggo Hajaratu ta dawo, tana tsince wake. Badi'a ta durƙusa.

"Ina wuni, Gwaggo? Ina gajiya? Ya yara?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya Innar taki? Me ke tafe da ke?"

"Wai... wai in ji Inna, don Allah a sam mata zogale."

Zailani ya leƙo daga akurkin zabi. "Zogale? A wurinmu? Mu da ake taimaka wa?"

"Zailani," in ji Gwaggo, "maƙwabciya ce a ƙofarka."

Badi'a ta sunkuyar da kai. "Na yi kuskure. Na ɗauka tausayi nake yi, ashe raini ne. Ku yafe mini."

Zailani ya dubi faifan da ke hannunta. Sai dariya ta ƙwace masa.

"Kai, ku taso! Innar Badi'a na son zogale!"

Yara suka ruga lambu da ihu. Wannan ya karyo reshe, wancan ya tsinko. Kafin ka ce me, faifai ya cika har yana zuba. Mahbub ya zo da ƙwan zabi a cikin hularsa, yana tafiya a hankali.

"Ungo. In kika sake ajiye su a turmi, zabuwar da kanta za ta bi ki har gida."

Gwaggo ta yi dariya har wake ya zube mata.

Bayan la'asar Badi'a ta dawo da dambu mai zafi, ya sha mai da ƙuli-ƙuli. Wannan karon ba wanda ya ce ya ƙoshi. Suka ja ta ta zauna, aka ci tare. Mahbub ne ya suɗe kwano.

Labari ya zaga unguwa. Daga nan mai karyayyen benci ya kai wa samarin gyara. Mai yagaggiyar riga ya kai ɗinki. Ni ma allunan makarantata can ake fere mini su. Kwanuka suna shiga, kwanuka suna fita.

Yarana, darasin shi ne wannan. In za ku taimaki mutum, kada ku ƙasƙantar da shi. Ku ba shi da fara'a, in ya ba ku kuma ku karɓa da hannu biyu. Kowa yana da abin bayarwa.

Bara na je Kabo ɗaurin aure, can Badi'a take da iyalinta yanzu. Na tambayi mijinta, ya tabbatar mini da abu ɗaya. Duk ranar Sallah, kwanon farko da ke shiga gidansu daga gidan Zailani yake fitowa.