Zaren da Ya Sha Danshi

Ran da ta fara shiga shagonsa, rungume take da naɗi uku na zaren roba, irin wanda firinta ke narkarwa ta ƙera kaya da shi. Mahaifinta ke yin sa.

Shi kuwa sana'arsa gwaji. Zai ƙera ƙugiya da zaren, ya yi ta rataya mata nauyi har ta karye, ya rubuta sakamakon a shafinsa. Masu firinta a gida ba sa sayen zare sai sun ji ta bakinsa, shi ya sa ake ce masa Mai Awo.

"Namu ba ya karyewa," ta ce.

"Kowa haka yake faɗa, ranki ya daɗe."

Ta harare shi. Bawan Allah ya hau neman almakashi, alhali yana hannunsa.

Wata biyu yana ja mata rai da gwajin don ta riƙa dawowa, har so ya kama su. Ran da ya gwada kuwa, zaren ya riƙa tas-tas a bakin firintar. Ƙugiyar da ya kamata ta ɗauki kilo ashirin ta karye a huɗu.

"Don Allah kar ka wallafa," ta ce, idonta ya ciko.

"In wani ya rataya abu a kan gadon ɗansa fa?"

Ya wallafa. Masu saye suka watse. Mahaifinta ya rantse wanda ya tozarta shi ba zai zama surukinsa ba.

Mai Awo ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, in na yi ƙarya yau, gobe yaya za ki yarda in na ce ina sonki?"

Ta amsa: "Baba ko abinci ba ya ci. Ka rabu da ni."

Wayyo, sati shida ba su gana ba, duk suka rame. Amma ƙarar tas-tas ɗin nan ta ƙi barin kunnensa, don zaren da ya sha danshi ne ke yin ta. Ya sake rubutawa: "A ina kuke ajiye shi?"

"Ɗakin Mama. Tun rasuwarta bara Baba ya hana a buɗe tagar, wai ƙamshinta zai fita."

Ya daɗe riƙe da wayar yana hawaye. Washegari ya je ya durƙusa gaban dattijon.

"Baba, aikinku ba shi da laifi. Ɗakin ne ya jiƙe."

"Wato in buɗe ta fita ke nan?"

Mai Awo ya sunkuyar da kai.

Kwana uku tagar tana rufe. A na huɗu dattijon ya buɗe ta da hannunsa. Aka busar da zaren, aka sake gwadawa a gabansa. Ƙugiya ta ɗauki kilo ashirin da biyu.

"Wallafa wannan ma," dattijon ya ce. "Sannan ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure ta iske mahaifinta tsaye a bakin tagar.

"Ƙamshin ya tafi, Baba?"

"Ya tafi, 'yata." Ya share ido. "Ita na kulle mata ɗaki, duk da haka ban riƙe ta ba. Ke da hannuna zan buɗe miki ƙofa. Je ki, Allah ya yi muku albarka."