Ambiriyaj ɗin da Ya Ƙi Shiga

Ranar da Yusha'u ya fara ganin Rufaida, hannuwansa baƙi ƙirin suke da mai, yana rungume da ƙonannen faifan ambiriyaj, wato kulocin mota, a cikin buhun siminti. Tsohuwar bas ɗinsa, wadda ke jigilar ƴan kasuwa daga Gidan Amumune zuwa Tasawa, ta daina ja a rairayi. Injin ya yi ta ihu, mota ba ta motsi, sai ƙauri. Danda bakanike ya kwance ta, ya ce a je a nemo sabo.

Shagon Alhaji Maiwada yana bakin tashar Tasawa. Idon Alhaji ya fara rauni, shi ya sa ɗiyarsa Rufaida ke zama tana karanta masa lambobin kwali. Ita ta karɓi buhun. Ta ɗora tsohon faifan a kan sabo, ta gwada faɗi, ta ƙirga haƙoran tsakiya. Ta ce akwai na hannu, amma mai bin rairayi gara ya ɗauki sabo, kuma cikakke, faifai da plato da bute, kada a sake kwance mota bayan wata biyu.

Yusha'u ya ce to. A yadda yake jin kansa a lokacin, da ta ce ya haɗa da taya huɗu ma, to ɗin zai ce.

Danda ya gwada, ya ce ya zauna daram. Yusha'u ya ce a dakata tukuna. Washegari ya hau kabu-kabu ya koma Tasawa, ya ce bai shiga ba. Rufaida ta ba shi wani. Ya dawo da shi. A zuwa na uku ta dube shi ta gefen ido.

"Malam Yusha'u, motar ga taka haƙoranta canzawa suke kullum? Amshi lambata. In bai shiga ba ka kira, ka bar wahal da mai kabu-kabu."

Bai kai gida ba ya tura saƙo: "Hasken idona, gaskiya na farkon ya shiga. Ni ne na kasa fita daga shagonku."

Ta amsa: "Na sani tun ran nan, Sarkin Rairayi. Ni na ƙirga haƙoran."

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma masoyi ba ya jin ya isa, ya ci gaba da zarya da kwali a hammata. Abdul Razak, mai shagon kayan mota a tsallaken titi, wanda shi ma ya daɗe yana kai gaisuwa gidan Alhaji ba a ba shi fuska ba, yana zaune yana kallo. Ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana cewa kayan Maiwada jabu ne, ga wani yaro can ya rasa wanda zai shiga motarsa. Kafin a ankara, shagon da ake layi ya koma sai ƙuda.

Cikin wannan hali Yusha'u ya tura kawunsa neman izini. Alhaji bai ko bari an gama gaisuwa ba.

"Yaron ga da ya kashe mani suna? Shekara da shekaru ba a taɓa maido mani da kaya ba sai shi. Ba ni ba shi ɗiyata."

Saƙon Rufaida ya zo da la'asar: "Kai ka samu abin da ka zo nema. Baba ya rasa abin da ya tara tun ban zo duniya ba. Kada ka ƙara kirana."

Yusha'u ya ji kunya, ya ji tsoro kuma, don bai taɓa son kowa haka ba. Ya san ba Alhaji kaɗai zai ba haƙuri ba. A tasha maganar ta lalace, a tasha za a gyara ta, kuma ya san bakin direbobi ba ya mantuwa.

Ranar kasuwa aka jawo bas ɗin da igiya har ƙofar shagon. Ya roƙi Alhaji ya ba shi kwalin farko, wanda ya maido. Mutane suka taru. Ya cire hula, ya fuskance su.

"Jama'a, kayan Baba ba su da laihi. Ƙarya na yi don in riƙa ganin ɗiyarshi. Ga Danda nan, a ɗaura gabanku."

Tasha ta kece da dariya. Nan take wani ya raɗa masa suna Bai-Shiga-Ba, sunan da ya bi shi har yau. Danda ya shige ƙarƙashin mota, kafin la'asar ya fito. Direbobi suka cika ta har kan rufi, Yusha'u ya nufi rairayin bayan tasha da su, ya ratsa ya dawo, ba ihu ba ƙauri. Abdul Razak ya tuna yana da uzuri a gida.

Alhaji ya miƙa wa Yusha'u buta ya wanke hannu. Da magariba saƙo ya shigo: "Sarkin Rairayi, Baba ya ce kawunka ya dawo. Ni ma na huce."

Bayan an gama girbin gero aka ɗaura aure. A cikin bas ɗin nan aka ɗauki amarya, ƙawaye sun cika ta da guɗa. Har Yusha'u ya taka ambiriyaj, sai Alhaji ya lallabo ya dafa tagar direba, idanunsa cike da ƙwalla.

"Yusha'u, na amshi kwali sau nawa ban ce maka komi ba. Wagga kam, in ka tahi da ita, ba a maidowa."

"Har abada, Baba."

Alhaji ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, tasha ta amsa da amin. Yusha'u ya ɗaga ƙafa a hankali, motar ta ɗauka.