Ɗakin Nan Akwai Sanyi

"Sau uku, Kaneng! Sau uku ana ɗaga maganar nan!"

Davou ne, saurayinta, a waya daga Birmingham. Kaneng ta tura ƙofar kicin don kada Mama ta ji. Mama kuwa ta ji. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata hannu da ƙafa, amma ta bar mata kunne lafiya lau.

"Ka yi haƙuri, Davou..."

"Haƙurin ya tsufa! Kawu Gamaliel zai taso daga London ranar Lahadi don ya gan ki a nan unguwarmu Small Heath, a sa mana rana. Na riga na ce kina zuwa."

"Wa zan bar wa Mama? Ka san council sun cire carer ɗin da ke kula da ita ranar Lahadi."

"Ki roƙi wani a coci mana."

"Mama ta ce gidanmu ba a roƙo."

"Mu ma gidanmu ba a jira har abada!" Sai muryarsa ta yi laushi. "Kaneng tawa... Allah ya sani ina son ki. Amma in Lahadi ta wuce ban gan ki ba, zan ce wa Kawu ya daina wahalar da kansa."

Wasiƙar council, wato ƙaramar hukuma, tana manne a jikin firji. An rubuta ta da ladabi ƙwarai. Ta ce an sake nazarin bukatun Mama, an gano cewa ba su da yawa ranar Lahadi. Ba a dai bayyana yadda ciwon ya koyi sanin ranakun mako ba.

Kaneng tana aikin kula da tsofaffi a nan Salford. Ranar Asabar gidan Madam Rivka take zuwa, wata tsohuwa Bayahudiya mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ƙafafunta suka gaji amma bakinta bai gaji ba. Ita ke tsara matan unguwarsu masu zuwa gaida marasa lafiya: wance ta kai miya, wance ta zauna da wane a asibiti.

Ranar Asabar kuwa, ranar hutu a addininta, ba ta taɓa waya, ba ta kunna wuta, ba ta kuma ce wa wani ya kunna mata kai tsaye. Sai dai ta yi zance a kaikaice.

Asabar ɗin farko da Kaneng ta fara aiki, tsohuwar ta dubi bango ta ce, "Ɗakin nan akwai sanyi."

"Gaskiya akwai sanyi, Madam," in ji Kaneng, ta ci gaba da ninke kaya.

Haka suka wuni suna rawar ɗari cikin mutunta juna, har wata maƙwabciya ta shigo ta yi bayani. Tun daga ranar Kaneng ta ƙware. In an ce da duhu, ta kunna fitila. In an ce da sanyi, ta murɗa hitar ɗumama ɗaki.

Wannan Asabar ɗin tsohuwar ta ƙura mata ido.

"Yarinya, idonki ya kumbura."

"Albasa ce, Madam."

"Tun jiya aka gama girki a gidan nan."

Kaneng ta buɗe baki. Roƙo ya zo mata har maƙogwaro, ya tarar da dokar Mama a tsaye a wurin. Sai ita ma ta dubi bango, don tsohuwar ta riga ta san labarin Mama da na Davou.

"Birmingham akwai nisa, Madam... Lahadi kuma akwai tsawo ga wanda ba ya iya tashi ya sha ruwa."

"Haka ne," in ji Madam Rivka. "Akwai nisa."

Ta buɗe littafin addu'arta, ta shiga karatu. Kaneng ta koma gida tana ganin an rama mata sanyin Asabar ɗin farko ne.

Da safiyar Lahadi tana ba Mama koko aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Rivka ce dogare da sanda, tana haki saboda matakala, bayanta wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya riƙe da tukunyar miya.

Cokali ya tsaya a bakin Mama.

"Kaneng! Roƙo kika je yi?"

"Mama, ban..."

Mama ta juya harshe zuwa Turanci, irin na tsohuwar malamar firamare a Jos. "Mun gode, baiwar Allah. Ba ma karɓar sadaka."

"'Yarki ba ta roƙe ni komai ba. Nisan garuruwa kawai ta koya mini," in ji tsohuwar, ta nemi kujera ta zauna ba tare da an ba ta ba. "Kuma ba sadaka na kawo ba. Gaida mara lafiya umarni ne a kanmu. In kin kore ni, ni kika cuta. Yaya sunanki?"

"Rifkatu."

"Wace Rifkatun? Matar Ishaku?"

"Akwai wata ne?"

"Ni kuma Rivka. Haka muke kiranta a harshenmu."

Mama ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe takwara ce," ta faɗa da Hausa, cikin takaicin wadda aka ƙwace wa makami. Mutum yana iya korar mai sadaka. Korar takwara kuwa abin kunya ne.

Kaneng ta shirya cikin sauri, ta ɗaura ɗankwalin da Davou yake so. Ta durƙusa gaban gado.

"Mama, sai na dawo. Da yamma in Allah ya yarda."

Mama ba ta dube ta ba. Sai da hannun Kaneng ya kai kan ƙofa ta ji muryar, a hankali, fuskar na kallon bango.

"Ɗakin nan akwai sanyi yau."

Hita tana kunne tun asuba.

Kaneng ta ƙame. Da a ce ba ta taɓa shiga gidan Madam Rivka ba, da ta wuce abinta! Yanzu kuwa ta iya karatun. Ba zancen yau Mama take yi ba. Zancen bayan biki ne, in an kai amarya Birmingham, ɗakin ya rage daga ita sai firji da wasiƙarsa.

Waya ta yi motsi a jakarta. Davou: "Kin taso, zuciyata?"

"Me takwarata ta ce?" in ji Madam Rivka.

Kaneng ta fassara mata, hawaye na sauka kan ɗankwalin da ya zamo mata kafaɗa.

Tsohuwar ta ja kujerarta har bakin gado, ta ɗauki shanyayyen hannun Mama ta rufe shi da nata biyu.

"Yau Lahadi ce, yarinya. Yau da hannuna nake kunna komai. Ba ki amsa wa mahaifiyarki ba."

Kaneng ta haɗiye kuka. Ta dubi uwar da ba ta taɓa roƙon kowa ba, wadda yanzu ma ba ta roƙa ba.

"Gaskiya akwai sanyi, Mama," ta ce.

Ta fita, ta ja ƙofar a hankali.