Ƙullin Gaya

Zafi ne ya koro Haoua cikin gidan tarihin jiragen ruwa da ke bakin Khor, mashigin tekun da ya ratsa Dubai, ba son kallo ba. Ta tsaya gaban wani ƙaramin jirgin katako da aka ce ya taɓa zuwa ƙasar ƙanƙara. A gefensa wani saurayi na zaune a ƙasa, yana nuna wa baƙi yadda ake ƙulla igiyar jirgi.

Ta taɓe baki. A zatonta ba mai jin Hausa, ta ce, "Ƙato da kai, duk aikin Dubai ka rasa sai wasa da igiya."

Bai ɗago ba ya ce, "Ke ma duk inuwar Dubai kin rasa sai tawa."

Kunya ta kusa kashe ta. Habibou sunansa, ɗan Gaya ta Nijar, mahaifinsa matuƙin kwale-kwale ne a kogin Kwara. Ya ƙulla 'yar igiya, ya haɗa mata da lambar wayarsa.

"Ranar da kika kwance wannan, kin rabu da ni."

Kwana uku tana ja, ƙullin sai ƙara tamkewa yake. Ta tura masa saƙo: "Mai igiya, abin nan naka ya ƙi."

Ya amsa: "Ma chérie, ƙullin Gaya ne. Ana ja yana ƙara riƙo. Haka nake da ke."

Bayan wata biyar ta kai maganar aurensu ga Kawu Oumarou, ɗan kasuwar kago mai aika kaya ƙasashen waje, wanda take zaune gidansa a unguwar Abu Hail, kuma shi ne waliyyinta. Dariyar raini ya yi.

"Ɗan masu kwale-kwale? Mu 'yan kasuwa ne tun kakanni. Ba zan haɗa jini da masu ƙarnin kifi ba. Khalas, magana ta ƙare!"

Mu'awiya mai shagon turare, wanda ya daɗe yana bin ta ba ta kula shi, yana zaune a wurin, sai ya cafe. "Alhaji, ko turaren shagona duka aka juye masa, ƙarnin ba zai fita ba."

Kawu ya ce in ta sake ganin yaron, jirgin Yamai zai saka ta.

Ta rubuta tana hawaye: "Mai igiya, za a raba mu."

"Bari in je in gaishe shi, Haouata."

Da safe ya iske Kawu a ƙofar sito tare da Mu'awiya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ko kallonsa ba su yi ba. Leburori na ɗaure wata dila, igiyar na ta zamewa. Kawu ya fusata, ya fizge ta, ya murɗa sau biyu, ya ja. Dilar ta tsaya cak.

Habibou ya ƙura wa ƙullin ido.

"Baba, wa ya koya maka wannan? Ba a koyonsa a kasuwa. Sai wanda ya ɗaure kwale-kwale a mashigar Gaya tun yana ƙarami."

Kawu ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba. Shekara talatin yana ɓoye asalinsa, yau yatsunsa sun tona shi.

Mu'awiya ya ja da baya, ya yatsine fuska. "Alhaji, wai kai ma?"

Wannan kallon Kawu ya san shi. Shi ya kore shi daga Gaya yana saurayi.

"Ni ma. Da kwale-kwale ubana ya ciyar da ni. Kwashi turarenka ka ba ni wuri."

Ya juya ga Habibou, muryarsa ta yi sanyi. "Tashi, ɗana. Ɗan wane gida ne kai a Gaya?"

An ɗaura aure a wani masallaci a unguwar Hor Al Anz. Aka haye Khor da amarya cikin abra, ƙaramin jirgin fasinja, kuma da suka isa gaɓa Kawu da kansa ya karɓi igiya ya ɗaure, a gaban kowa.

'Yar igiyar nan tana cikin jakar Haoua har yau. Ta daina gwada kwancewa.

Allah Ya yi musu albarka, Ya ƙara tamke abin da Ya ƙulla.