Ɓawon da Ya Ƙi Saki

A wurin horon ɓare ɓawon sobreiru, itacen da ake marfin kwalba da shi, Telmo ya fara ganin Noémia. Jami'arsu ta Évora ce ta kwashi ɗalibai zuwa daji su koyi sana'ar hannu. Ya riƙe gatari kamar an ba shi jaririn maƙwabta, ita kuwa da ta tashi cikin harkar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ranar ta laƙa masa Ɗan Birni, shi kuma ya kamu, kamun da ba magani.

Kafin horon ya ƙare hannunsa ya faɗa. Yaron da ko tambaya ba ya iya yi a aji, sai ga shi yana zancen su kafa ƙungiyar masu ɓare ɓawo, shi da ita, tunda tsofaffin gwanaye sun ƙare.

Mahaifinta, Kawu Custódio, ya ce shi bai ga miji a ɗan boko ba, ga Valdemar mai motoci da leburori yana ta zarya. Da roƙo ya yi yawa ya gindaya sharaɗi: Telmo ya ɓare babban itacen kakannin tsohon ba rauni.

Shekarar kuwa fari ake, rijiyoyi sun ƙafe, ganye ya yi ja. Noémia ta turo saƙo: "Ɗan Birnina, gabana faɗuwa yake. Baba ba ya magana biyu."

Ya mayar: "Zumata, addu'arki kawai nake so."

Ranar gwaji ya kafa gatari, ya murɗa, ya kasa kunne. Lafiyayyen ɓawo da ƙara yake saki, wannan ya manne ƙam. In ya tilasta, fatar ciki za ta yage, itacen ya mutu a tsaye. Ya san abin da zai rasa, amma ya ajiye gatarin.

"Kawu, bana ba zai saki ba. Ba zan kashe maka shi ba."

Valdemar ya ce tsoro ne kawai irin na 'yan makaranta. Tsohon ya juya baya. Noémia ta ɗauka ya fi son itace a kanta, ta daina amsa saƙonsa. Telmo ya rame, abinci ma sai dole.

Valdemar ya karɓi aikin, leburorinsa suka ɓare itatuwan gefen gona da ƙarfin tsiya. Da suka doshi babban ne zuciyar tsohon ta ƙi, ya ce a dakata. Kafin sanyi ya shigo, duk wanda suka taɓa ya bushe ƙayau.

Kawu Custódio da kansa ya zo Évora, hula a hannu, Noémia a bayansa tana kuka tana neman gafara. A cocin ƙauye aka ɗaura auren, ta taga ana hango matattun itatuwan. Tsohon ya haɗa hannayensu.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Waɗanda suka rage, ku riƙe min su da rai."